Safa Shida a Bakin Bututu

Litinin, ƙarfe tara na safe

Auta ya tafi. Surukarsa za a yi wa aikin ido, babu mai kai ta asibiti sai shi, kwana huɗu zai yi. Shekararsa arba'in da shida, gemunsa ya fara fari, amma har yau Auta muke ce masa a gida, 'yan ƙungiya ma suka ari sunan suka ƙi mayarwa. Ya miƙa min mabuɗan ɗakin ƙyanƙyasa kamar mai miƙa jaririn da aka haifa jiya.

"Yaya, don Allah kada ka taɓa komai. Ka ga ruwa na shiga, ka ga ruwa na fita. Iyakar aikin ke nan."

Na tuna masa shekara ashirin da takwas na yi ina riƙon aji, ban taɓa kashe ɗan kowa ba. Ya ce 'yan ajina ba a ruwa suke numfashi ba.

A ƙungiyarmu ta masu kiwon kifi ni ne sakatare, wato mai mayar da hayaniyar taro ta zama jimloli. Auta ne mai ruwa. Shi ke jawo shi daga kogi, ya bar shi ya kwanta kwana biyu a babban tanki, sannan ya sake shi cikin kwamin siminti shida da ke ɗakin, inda famfo ke ta zagayawa da shi. Jiya ya zuba ƙwan tarwaɗa a duka shidan. Mutum goma sha tara ke jiran abin da zai fito, kowa ya gyara tafkinsa.

Litinin, ƙarfe huɗu na yamma

Na taɓa abu ɗaya, amma gyara ne.

A bakin kowane bututu da ke zuba ruwa a kwami ana ɗaura safa, ita ke tace datti. Haka muka tarar ana yi. Akwai kwali a bakin ƙofa inda 'yan ƙungiya ke jefa tsofaffin safa, irin kyautar da ba ta da zafin bayarwa. Na duba waɗanda ke ɗaure yau. Ɗaya ta huje a dunduniya, ɗaya kuma zan iya rantsuwa na san ƙafar mai ita.

Ni kuwa ina da sababbi, tsarabar mijin 'yata, suna matse min ƙauri shi ya sa ban sa su ba. Na karanta rubutun da ke jikin ledarsu tun ranar da aka kawo, don ni ko takardar sabulu ba ta wuce ni. An ce an saƙa su da ɓurɓushin azurfa, ƙanana ƙwarai, masu kashe ƙwayoyin cuta da hana wari. To me ke lalata ƙwan kifi in ba ƙwayoyin cuta ba? Na ɗaura shida. Farare tas. Ɗakin har ya yi kama da wurin da ake aikin ilimi.

Na gaya wa matata. Ta ce, "Auta ya sani?" Na ce Auta zai gode.

Talata, ƙarfe goma na safe

Auta ya ce ƙwan za su fashe kafin gari ya waye. Ba su fashe ba. Wataƙila sanyin ruwa.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Sun fara fitowa. Kamar waƙafi masu motsi, dubbai, ba jimla.

Laraba, ƙarfe tara na safe

Kafin ya tafi, Auta ya rufe rabin kowane kwami da baƙar leda. Hikimar ita ce, ɗan tarwaɗa mai lafiya ba ya son haske, da ya fito daga ƙwai sai ya lallaɓa ya shige inuwa. Abin da ya rage a haske ɓawon ƙwai ne da matattu da nakasassu, sai a zuƙe su da tiyo a zubar. Wato kifin ke tantance kansu, mu namu shara ne kawai.

Na zo da tiyo na tarar da kowa a haske. Suna kwance a fili kamar masu shan hantsi. Ƙarƙashin leda ba kowa sai 'yan tsiraru. In na bi ƙa'ida sai in zubar da ƙungiya gaba ɗaya, don haka ban zuƙe komai ba.

Na rubuta a littafin aiki: "Masu kuzari ne, ba su da tsoro."

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Auta ya dawo, ko jakarsa bai kai gida ba. Ya ƙwanƙwasa gefen kwami da ɗan yatsa. Ashe haka ake gaisawa da su: a ƙwanƙwasa, su watse kamar 'yan aji sun ji takun hedimasta. Ba su watse ba. Ya sake. Ya wuce da tafin hannunsa a saman ruwan. Ko gezau.

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun da suka fito. Ina ganin irin nan masu natsuwa ne."

Ya dube ni, ya dubi bututun. Ya daɗe yana duban bututun. Sannan ya ce laifinsa ne. Ranar Lahadi yana sauri, ruwan tanki bai isa ba, sai ya cika da na kogi kai tsaye, bai kwantar da shi ba.

Na ce, "Ah to."

Ban san me ya sa na ce haka ba. Kalma ce da babu ita a ƙamus, amma ya ji ta.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Ba su shiga inuwa ba.

Lahadi, tsakar rana

Ba su shiga ba.

Talata, ƙarfe takwas na safe

An fara ba su abinci tun Asabar. Auta ya ce ɗan kifi na shinshino abinci tun daga wancan ƙarshen kwami. Waɗannan sai ya faɗo musu a ka. Wasu na juyi wuri ɗaya kamar mai neman takalminsa bayan an tashi taro. Wasu bayansu ya lanƙwashe kamar alamar tambaya. Kowace safiya ana kwashe matattu da rariya. Yau kofi biyu.

Kowace safiya kuma Auta na kwance safa shidan, ya wanke, ya mayar. Sun yi ruwan ƙasa yanzu, ba mai bambanta su da na cikin kwali. Bai tambayi inda suka fito ba. Ina jin ya ɗauka daga kwalin na ɗebo.

Alhamis, ƙarfe sha ɗaya na safe

Shugabar ƙungiya ta zo. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ba ta tambaya sai ta riga ta san amsa, kuma tana kallon mutum kamar za ta ce ya fito da harshensa. Auta bai jira tambaya ba, ya zayyana mata maganar ruwan kogi. Halinsa ne tun yana yaro. In aka fasa kofi a gida, kafin Inna ta juyo ya riga ya sunkuyar da kai, ko ba shi ya fasa ba. Sau biyu ni ne.

"Shekara goma sha biyu kana aikin nan, Auta," ta ce. "Mutum sha tara sun zuba ido. In ya tabbata ruwan nan ne, ba zan iya tare maka taro ba. Ka san abin da za su ce, a karɓi mabuɗi."

Auta ba shi da tafki, ba shi da fansho. Mabuɗan nan su ne tukunyar gidansa, shi da 'ya'ya biyar.

Ta juyo gare ni. "Malam Sakatare, kai da ka yi kwana huɗu da su, ka ga wani abu?"

Na ce na ga ba su shiga inuwa ba. Gaskiya ce. Ban ga dalilin kawo maganar safa ba, tunda maganar ruwa ake, safa kuwa ba ruwa ba ce.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Ni na ba da shawarar a kira Me-ya-sa. Ɗalibata ce ta dā, sunan ya samo asali ne daga tambayar da ta hana ni sakat da ita shekara uku. Yanzu tana aiki a ɗakin gwajin ruwa na jami'a, tana da farar riga da direba. Ta durƙusa ta gaishe ni a gaban kowa, na ji daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ta ɗebi ruwan kogi, na tanki, na kwami, kowanne a kwalbarsa. Ta sa ɗan kifi ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu, ta ce in leƙa. Na ga zuciyarsa tana bugawa cikin wata jaka da ta kumbura. Ban san ana ganin zuciyar kifi ba. Da ma ban leƙa ba.

"Malam, ka san kifi na da layi a gefen jikinsa? Da shi yake jin motsin ruwa, kamar yadda kake jin mutum ya tsaya a bayanka ba ka juya ba. In wani abu ya taɓa layin nan da hancinsa tun yana ƙarami, zai iya rayuwa, zai ci in abinci ya faɗo masa a baki. Amma ba zai san abin gudu ba."

Auta ya ce, "Wane abu?"

Ta ce ba ta sani ba tukuna, amma irin wannan alamar takan sa ta zargi ƙarfe. Ba ƙarfen da muka sani ba. Akwai wanda ake niƙawa ya yi ƙanƙantar da za a jera dubu a faɗin gashi ɗaya a samu sauran wuri, nano suke ce masa. Ba ya kwanciya a tanki kamar laka, ba ya tsayawa a mataci, yana shiga ƙwai ta ɓawo. Ana sa shi a fenti, a man shafawa, a tufafi.

"Har tufafi?" in ji Auta.

"Har safa, Kawu. Masu hana wari ɗin nan, azurfa ce a ciki."

Na tambaye ta lafiyar mahaifinta.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Akwai masana'antar saƙa a sama da mu, a bakin kogi. Kowa ya sani. Ban ga dalilin da zai sa a bar katafariyar masana'anta a dubi wani abu ba.

Talata, ƙarfe bakwai da rabi na safe

Auta ya sauka kogi duba injin jan ruwa. Na shiga ɗakin na yi wani ɗan gyara. Yanzu abin da ke bakin bututu daga kwali ya fito, har da mai hujin dunduniya. Abin da na kwance yana cikin leda a bayan littattafaina, tsakanin tarihi da nahawu, inda ba mai zuwa.

Ya dawo ya zo wankin safa. Ya kwance ta farko, ya riƙe ta ɗan lokaci, ya wanke, ya mayar. Ya tambaye ni ko na karya.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na wuni ina karatu a waya. Na karanta bincike huɗu. Na farko ya ce ɓurɓushin azurfa na jinkirta ƙyanƙyashewa, yana lanƙwasa baya. Na biyu ya ce ya danganta da yawansa. Na uku ya ce ya danganta da girmansa, da gishirin ruwan, da abin da aka lulluɓe shi da shi, da irin kifin. Na huɗu ya ce ana buƙatar ƙarin bincike. Na fi son na huɗu, mutumin kirki ne ya rubuta shi.

Ba wanda ya yi gwaji da safa shida a ruwa mai zagaye. Masana sun bar giɓi a nan.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Kofi ɗaya yau. Mutuwar ta ragu. Saboda na canza abin da na canza ne, ko saboda masu mutuwa sun gama mutuwa? In ta ragu saboda ni, to da ma saboda ni ta fara. Na fi so kada ta ragu. A'a, ba haka nake nufi ba.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Matata ta shigo ɗakin karatu tana shinshine-shinshine.

"Malam, ɓera ya mutu a cikin iliminka."

Ta ja littafi biyu, ta fito da ledar, ta buɗe, ta rufe. Ta zauna a hannun kujera, abin da ba ta yi sai magana ta yi nauyi.

"Su ne masu hana warin?"

Na ce ba a tabbatar da komai ba. Na kawo mata masana'antar saƙa, na kawo mata bincike huɗu, na yi mata bayanin gishirin ruwa. Ta saurara har ƙarshe, shekara talatin ta saba.

"Matar Auta ta zo ɗazu," ta ce. "Ta ce ba ya cin abinci. Yana zama yana ta ƙirga kwanakin da ya kamata ruwan ya kwanta, kamar in ya ƙirga da kyau za su dawo. Na ba ta haƙuri. Da bakina, Malam, na ba ta haƙuri, ina kallon idonta."

Ta mayar da ledar inda ta same ta, ta jera littattafan yadda suke. Da ta jefar da ita da ya fi min sauƙi.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Babu abin rubutawa. Ruwa na shiga, ruwa na fita.

Asabar, ƙarfe takwas na safe

Sun kusa wata guda. Kashi ɗaya cikin uku ya rage, sun kai tsawon ɗan yatsa, kuma in ba ka sani ba sai ka ce lafiyarsu ƙalau. Tsohon Direba ya zo karɓar rabonsa. Shekara talatin ya yi yana jan babbar mota, har yau da ƙarfi yake magana kamar injin na kunne. Auta ya roƙe shi ya jira sakamakon gwaji. Ya ce tafkinsa ya gaji da kiwon kwaɗi.

Kama 'ya'yan tarwaɗa aiki ne na mutum biyu da zufa. Yau Auta ya tsoma komar kamun kifi, suka taho da kansu suka shiga. Direba ya yi dariya har da dukan cinya.

"Ka ga kifi masu tarbiyya. Malam, hannunka ne, wallahi. Kwana huɗu ka yi da su ka koya musu ladabi."

Na yi murmushi. Me zan yi?

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Direba ya dawo, ba dariya. Zalɓe ɗaya ne, in ji shi, ɗaya tak. Ya sauka a gefen tafki ya tsaya yana ci kamar an aika masa katin gayyata. Kifin ba su nutse ba, ba su watse ba. Zuwa suke suna kallon ƙafarsa. Direba ya kore shi, zalɓen ya dawo da 'yan'uwansa. Kwana uku, tafki ya koma na kwaɗi.

Ya tsaya a ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa ya ce wa Auta abubuwan da ba zan rubuta ba. Auta na riƙe da rariya, bai ɗago ba. Ni ina ciki, a bayan kwami na shida, ina duba wani abu a littafin aiki.

An sa taro ranar Asabar mai zuwa.

Alhamis, ƙarfe uku na yamma

Na je wurin Me-ya-sa da kaina. Ofishinta na da sanyi da ƙamshin sabulun asibiti. Ta nuna min takarda. Akwai azurfa a ruwan kwami. Akwai a na kogi ma, kaɗan. Na kwami ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma ruwan kwami zagaye yake yi, abin da ya shiga ba ya fita, yana iya taruwa. Daga ina ya shiga, ba ta iya cewa.

Na ce wani abokina yana tambaya, in mutum ya ɗaura irin safar nan a bakin bututu fa?

Ta cire tabarau. Shekara uku ina ce mata ta daina tambayar me ya sa, yau da nake jira ta yi, ba ta yi ba.

"Malam, ka ce wa abokin naka zai iya zama ita ce. Zai iya zama kogin. Zai iya zama su biyun suka haɗu. In ya kawo safar zan duba, amma ta yi makonni a ruwa, wataƙila ta zubar da abin da ke cikinta. In na samu, ba hujja ba ce. In ban samu ba, ba wanke shi na yi ba."

"To me zai yi?"

"Wannan ba a ɗakin gwaji ake aunawa ba, Malam."

Ni na koya mata irin wannan amsar. Ban san haka take da ɗaci ba.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

In kogi ne, na tona wa kaina asiri a banza. In safa ce, na bar ƙanena a rana. In su biyun ne, ban san kashi nawa ne nawa ba. Na rubuta jawabi na yaga. Na sake rubutawa, ya fi na farko kyau, shi ma na yaga saboda ya yi kyau da yawa.

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

An yi taron a ƙarƙashin rumfar da ke gaban ɗakin, benci huɗu da kujerar Shugaba. Ta karanta takardar gwaji, ba wanda ya ji komai sai kalmar kogi. Direba ya ce ruwan kogi aka sa ba a kwantar ba, mai laifi ya amsa da bakinsa, me ake jira? Na so in ce Me-ya-sa ta ce abin ba ya kwanciya ko an kwantar, amma ina rubutu, maganar ta wuce.

Da aka zo ɗaga hannu na ajiye biro na miƙe. Na fito da ledar na zazzage ta a kan tebur. Na ce ni na ɗaura su ranar da Auta ya tafi, akwai azurfa a cikinsu, na karanta a jikin ledarsu, ni kuma na kwance su a ɓoye. Ban yi jawabi ba. Jimla huɗu, ɗaya ma ba ta cika ba.

Na benci na gaba suka toshe hanci. Sai Direba ya fashe da dariya.

"Malam, zauna. Mun ga zumunci, Allah ya bar ku tare. Safa. Tun ina yaro ake tace ruwa da safa."

Wata daga baya ta ce ina ma yayanta haka yake. Wani ya ce mutumin da ya karanta littafi ya fi tsayinsa ba zai yi wannan shirmen ba, a daina ɓata lokaci. Na ce wallahi na yi. Suka ce ka ji, har da rantsuwa, kai Malam akwai kirki.

Shugaba ba ta yi dariya ba. Ta dubi safar, ta dube ni, irin kallon nan. Sannan ta ce, "Auta, kai ke wanke su kullum. Abin da yayanka ya faɗa gaskiya ne?"

Auta ya miƙe. Bai dubi tebur ba.

"Ni dai abin da na sani, na ja ruwa daga kogi ban kwantar ba."

Hannu sha biyar. Na ƙirga, aikina ne. An sauke Auta daga aikin ruwa. Kafin a samu wani, mabuɗai su zauna a hannun Malam Sakatare, tunda shi ne mai ilimi a cikinmu. Kuma sakatare ya rubuta wa Auta takarda, a yi komai bisa tsari.

Lahadi, ƙarfe goma na safe

Na rubuta bayanin taro, na sa maganata kalma da kalma. Shugaba ta karanta ta ce in cire, kada a zo gaba a ce ƙungiya ta yi zama a kan safa. Na ce ba zan cire ba. Ta ce to in bar shi, ba mai karanta bayanin taro sai ni.

A bakin ƙofa ta tsaya. "Na yarda da kai, Malam. Amma na tambaye shi a gaban kowa, ka ji abin da ya ce."

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Ban je ɗakin ba. Na aika wa Shugaba cewa ina mura.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Na kai takardar da kaina. Na tarar da Auta a tsakar gida yana gyaran keken 'yarsa, hannu duk baƙin mai. Matarsa ta kawo min ruwa, ta gaishe ni gaisuwar da ba ta da aibi ko ɗaya, ta koma ɗaki ta saki labule.

Na ce, "Me ya hana ka cewa gaskiya ne?"

"In tsaya gaban su Direba in ce yayana ya yi shirme?" Ya ci gaba da juya sarƙa. "Kuma ni ma ban san ko ita ce ba. Kai ka sani?"

Na ce ban sani ba.

"To ka gani. Nawa dai na san na yi."

Na ce ai da sai ya tambaye ni tun farko, da ya ga baƙuwar safa. Na ji muryata ta koma ta aji, na kasa tsayar da ita. Na ce mutum shekara sha biyu a aiki, ya ga sabon abu a bakin bututu, ya yi ta wankewa yana mayarwa mako biyu?

Ya ajiye sifana.

"Tun ranar da na dawo na gan su, Yaya. Na ga ledarsu a kwandon shara, da rubutu cike a jiki, irin ƙananan nan na Turanci. Na juya ta, na juya ta. Raina bai kwanta ba. Har na kama bakin ta farko zan kwance. Sai na ce, tunda Yaya ne ya ɗaura, ya karanta."

Keken ya faɗi, ba wanda ya ɗaga shi.

Ya goge hannu a wando, ya karɓi ambulan, ya buɗe, ya nisantar da takardar daga idonsa, ya matso da ita. Sannan ya miƙo min.

"Karanta min wannan ma."

Na karanta masa. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta.